Yadda Ake Buga Wasan Nemo Tagwayen Kati

Wannan wasa ba ya buƙatar komai sai kati masu hoto da natsuwa, a waya ne ko a kan tebur.

1. Ware kati 16, wato tagwaye 8. Kada ka fara da kati 52 gaba ɗaya, tagwaye 26 sun yi wa sabon shiga yawa, sai ya gaji ya watsar.

2. Cakuɗa su, ka kife su layi huɗu, kowane layi kati huɗu.

3. Buɗe biyu. In sun yi daidai, ɗauke su. In ba haka ba, mayar da su a kife inda suke.

4. Nan ne aikin yake. Kafin ka kife kati, faɗi sunansa da wurinsa a ranka: "Zaki, kusurwar sama ta dama." Ido kaɗai yana saurin mantuwa, amma in harshe ya taya shi, hoton ya fi zama. Ka riƙa bi layi-layi, ban da tsallake-tsallake, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abubuwa da yawa lokaci guda. Tun 1956 masanin halayyar ɗan'adam George Miller ya ƙiyasta wajen bakwai.

5. Kullum fara da katin da ba ka taɓa buɗewa ba. In ka tuna inda ɗan'uwansa yake, sai ka nufe shi kai tsaye.

6. Ƙirga sau nawa ka buɗe, kada ka kalli agogo. Ni dai wannan ya fi mini amfani, don gaggawa ce ke kashe natsuwa. Idan 16 sun yi maka sauƙi, ƙara zuwa 24.