Fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa: kurakuran da ake yi wajen duba sensar kujerar direba

A ƙarƙashin kujerar direba, jikin ƙarfen da kujerar ke zamiya a kai, akwai wata 'yar sensa da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Da maganaɗisu take aiki, kuma abu ɗaya take gaya wa kwamfutar jakar iska: direba ya matso da kujera gaba sosai, ko tana baya. In ya matso, ƙirjinsa na dab da sitiyari, sai kwamfutar ta rage ƙarfin fitowar jakar idan an yi karo. Lafiyayyar mota tana kunna fitilar jakar iska kamar daƙiƙa 6 bayan an murɗa makulli, sannan ta mutu. In ta zauna, da matsala.

Kuskuren farko tun a bakin warsha, wato garejin gyara, ake yin sa. 'Yar ƙaramar na'urar OBD mai araha, wadda ake jonawa a mota don gano matsala, lambobin matsalar inji kawai take karantawa, ba ta shiga ɓangaren SRS, wato tsarin jakar iska, don haka za ta ce mota lafiya lau alhali fitila na ci. A nemi kwamfutar da ke shiga SRS. A Toyota, lambar wannan sensa B1653 ce, tsofaffin ƙira kuma B1153. A lura: lambar tana nufin akwai matsala a layin gaba ɗaya, wato waya, soket da sensa. Ba ta ce sensa ta mutu ba. Duk da haka sai ka ga an kama hanyar tashlih na Briman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci a Jidda, an sayo wata, an ɗaura, fitila ta dawo kafin a isa gida.

Sensar ba ta cika lalacewa ba, don babu abin da ke gogar wani a cikinta. Wayarta ce ke shan wahala. Motar da mutum biyu ko uku ke tuƙawa, kullum ana jan kujera gaba da baya, wayar na lanƙwashewa har zaren cikinta ya tsinke, robar waje kuwa tana nan garau. Ga gorar ruwa, takalmi da dardumar salla da ake cusawa ƙarƙashin kujera suna ture soket. Ga kuma wankin ciki da ake yi da ruwa har kafet ya jiƙe; a danshin Jidda, ƙarafan soket kan yi kore cikin ɗan lokaci. Motar da ambaliya ta taɓa shiga, kamar wadda aka yi a Nuwamban 2022, daga soket za a fara zarginta.

Ga yadda ya kamata a bi. A haɗa kwamfuta, a buɗe shafin da ke nuna bayanai kai tsaye, a tura kujera gaba har ƙarshe, a mayar da ita baya. Bayanin ya kamata ya sauya daidai wuri ɗaya kowane zuwa. In bai sauya ba, a haska tocila a duba bakin sensar: maganaɗisu na jawo ƙusa, fil da garin ƙarfe, su kuma suna ruɗa ta. A duba farantin ƙarfen da ke wucewa ta gabanta, ko ya lanƙwashe. In kuwa bayanin na ɗaukewa yana dawowa sa'ad da aka girgiza wayar da hannu, an kama ɓarawo.

Kafin a cire kowane soket, a kashe mota, a cire kan batir na nagatif, a jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3, saboda kwamfutar na riƙe wuta bayan an cire batir. Masu gaggawa suna tsallake wannan, suna kuma murɗa makulli alhali kujera na waje, sai sababbin lambobi su taru a kan ta asali, a rasa wacce ce wacce.

Mafi haɗari shi ne zura mitar auna wuta a duk soket mai ruwan ɗorawa da aka gani. A ƙarƙashin kujera ɗaya akwai soket na jakar iskar gefe, wani lokaci har da na abin da ke ɗaure bel in an yi karo, kuma wutar da mita ke turawa wajen auna juriya na iya tayar da su. A tabbatar da soket ɗin sensa daga zanen wayarin motar, a cire wayar daga ɓangarorin biyu, sannan a auna ko ta tsinke ko tana taɓa bodi. Soket mai tsatsa a wanke shi da feshin wanke kayan lantarki, ba WD-40 ba, a bar shi ya bushe.

Wasu kahraba'i, wato masu gyaran lantarkin mota, kan sa resista don fitila ta mutu. A wannan sensa dabarar ba ta ma cika ci ba, in ta ci kuma an rufe wa kwamfuta ido ne, ba ta san inda direba yake ba.

Kada a rikita ta da sensar nauyi ta kujerar fasinja, ko waɗanda ke cikin injinan motsa kujera mai tuna mazaunin direba. Su na injinan kujerar ba ruwansu da fitilar jakar iska. In an tabbatar sensar ce, a sayi mai lamba iri ɗaya da wadda aka cire, a mayar da wayar cikin maƙalanta na asali, a goge lambar, a ja kujera gaba da baya sau da yawa, sannan a sake dubawa da kwamfuta.