Kashin yawo, tsidau ko ƙarangiya? Inda aka fi yin kuskure wajen gane su

Da kaka, in mutum ya ratsa gonar gyaɗa ya fito da ƙaya a ƙafar wando, sunan da ya fara zo masa baki shi yake kira: wani ya ce tsidau, wani ya ce ƙarangiya, wani ya ce kashin yawo. Tsiro uku ne daban-daban, kuma kuskuren yana farawa ne daga yanke hukunci da ƙayar da aka cire kaɗai. A koma baya a dubi uwar.

Tsidau a kwance yake, yana yaɗo a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma. Ganyensa ƙanana ne a jere irin na tsamiya, furensa rawaya mai kunnuwa biyar, ƙayarsa kuma tafin ƙafa da tayar keke take nema. Ƙarangiya ciyawa ce zalla, ganyenta siriri dogo. Kashin yawo kuwa a tsaye yake, tsawonsa kamar santimita 30 zuwa 80. Karansa mai gashi ne, yana rabuwa biyu kamar gwafa, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Ganyen mai ɗan faɗi ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, manne da kara. Ni dai in na ga gwafar nan, na gama.

Wasu kuma fure suke nema, in ba su gani ba su ce ai kashin yawo ba ya fure. Yana yi, sai dai ɗan mitsitsi ne, tsakanin rawaya da kore, a lafe cikin gwafar reshe. Sai an durƙusa. Wanda ya duba da kyau zai ga ƙananan furanni ne a dunƙule wuri guda, domin dangin shuwaka da latas ne. Daga nan 'ya'yan ke fitowa a kewaye kamar tauraro, kowanne da ƙananan ƙugiyoyi a jiki da ƙaho biyu a kai. Masu ɗaukar hoto da waya don manhaja ta faɗa musu suna, su daina ɗaukar ganye kawai. A haɗa da gwafar da tauraron, in ba haka ba manhajar za ta kai su ta baro.

Da yawa sun ɗauka ɗan gida ne tun kaka da kakanni. Baƙo ne. Asalinsa Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, masana na kiransa Acanthospermum hispidum, ya kuma bazu har Indiya da Ostareliya. Wanda ya raɗa masa sunan Hausa ya san halinsa, don a jelar shanu da gashin tumaki da bakin zane yake yawo. Saboda haka kar a sha wahalar nemansa a tsakiyar daji. A duba burtali, bakin hanya, kara ta dabbobi, kufai, juji, da gonakin gyaɗa da auduga. Damina ɗaya yake rayuwa. Da rani busasshen kara kawai za a tarar.

Kuskuren da ya fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri. A bar shi sai ya yi 'ya'ya, sannan a tuge a watsa kan juji, baɗi a kwashe takin a mayar gona. An shuka shi ke nan da hannu, ga irin yana iya yin shekaru a ƙasa bai mutu ba. A cire shi tun a noman farko da maimai, kafin tauraron ya fito. Wanda ya riga ya nuna a tara shi gefe a ƙona. A kuma tsince shi daga harawa kafin a ɗaure, domin dabba ba ta son sa, 'ya'yansa kuma suna iya taɓa hantar akuya in ta ci da yawa.