Yadda Ake Kai Koken Tsaro Ga Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida Ta Jiha

Kafin a ɗauki biro, a fara sanin iyakar ikon ma'aikatar, domin a nan yawancin koke-koke suke lalacewa. Kaduna ta kafa tata Ma'aikatar Tsaro da Harkokin Cikin Gida a 2019, zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, Samuel Aruwan ne kwamishinanta na farko. Katsina da Zamfara ma suna da irinta. Sunan kan sa mutane su ɗauka cewa 'yan sandan jihar a ƙarƙashinta suke, alhali ba haka ba ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda guda ɗaya ya tanadar wa ƙasar nan, ta tarayya. Sashe na 215 ya ba gwamna, ko kwamishinan da ya wakilta, damar ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarnin da bai saɓa doka ba a kan kiyaye zaman lafiya, sai dai shi Kwamishinan 'Yan Sandan yana iya cewa a fara miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministan da aka ɗora wa alhakin haka kafin ya aiwatar.

To me ya rage wa ma'aikatar? Ita ke tattara rahotanni daga ƙananan hukumomi da masarautu, ta haɗa 'yan sanda da sojoji da jami'an farin kaya da Sibil Difens su zauna a kan matsala ɗaya, ta kai wa gwamna bayani, ta kuma bi sawun gudunmawar da jiha ke ba jami'an tsaro, kamar motoci da babura da mai da alawus. Ba ta kama mutum, ba ta ba da beli, ba ta cire DPO. Amma tana iya sa a ji kukan ƙauyen da ba a ji a da, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan abu yana cikin faruwa, ba lokacin takarda ba ne. A kira 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda ba a cajin kuɗi, a kira DPO da jami'an da suka fi kusa. Kowace unguwa ta tanadi waɗannan lambobi a hannun mutum uku ko huɗu, kada su zauna a wayar mutum ɗaya da caji zai iya ƙare masa ko sabis ya ɗauke. Mai kira ya fara da wuri, sannan abin da ke faruwa, sannan hanyar da mota za ta iya bi. Da damina wannan na ƙarshe ya fi komai, don sau da yawa jami'ai kan taso su tarar da rafi ya kawo, su juya.

Koken da ya dace da ma'aikatar shi ne na matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: hanyar kasuwa da ake tarewa duk ranar da take ci, gonakin da aka hana nomawa sai an biya haraji, kangon da ya zama matattarar 'yan daba da masu ƙwacen waya, rikicin burtali da ake ganin alamunsa tun kafin girbi. Ko a nan ma caji ofis ake fara zuwa. A tabbatar an shigar da rahoton a littafin da ke kan kantar ofishin, a rubuta rana da lokaci da sunan jami'in da ya karɓa. Tambayar farko da za a yi muku a sama ita ce ko DPO ya sani. In amsar a'a ce, can za a mayar da ku. Mai unguwa da dagaci da hakimi su ma su sani, haka shugaban ƙaramar hukuma, domin da su ake zaman tsaro na yanki, kuma su za a tuntuɓa a ji gaskiyar abin da kuka rubuta.

Takardar kanta kada ta wuce shafi biyu. A rubuta ta zuwa ga Kwamishinan ma'aikatar, a sa kwanan wata, sunan gari, gunduma da ƙaramar hukuma. Yabon gwamnati layi ɗaya ya isa. A shiga magana kai tsaye, kowane hari da ranarsa. "Ɓarayi sun dame mu kullum" ba ta ba jami'i abin kamawa. Ga irin wadda ake aiki da ita: "Daren Talata da misalin ƙarfe 11, babura bakwai, kowanne da goyo, sun shigo ta burtalin da ke yamma da firamare, sun kora shanu 23 na gida uku, sun fita ta mashigin rafi wajen ƙarfe 1." Daga irin wannan ake gane hanyar shigarsu, da lokacinsu, da inda ya kamata a tsaya musu. A raba abin da aka gani da ido da abin da aka ji a bakin wani, a faɗi haka ɓaro-ɓaro. Kada a ƙara adadi don a ja hankali. Ranar da aka je aka ƙirga aka ga saɓani, takardunku na gaba sun rasa daraja.

Sannan a nemi abu takamaimai da ma'aikatar za ta iya turawa: sintiri a ranar kasuwa daga asuba zuwa hantsi, ƙaramin ofishin 'yan sanda a mahaɗar hanya, zaman sulhu da ardo da sarkin noma kafin a saki gonaki, gyaran kwalbatin da ke hana motar jami'ai wucewa. Buƙata ɗaya ko biyu sun fi goma. Mutum uku zuwa biyar da aka san su su sa hannu, da lambar wayar mutum ɗaya da za a riƙa nema.

A buga kwafi aƙalla biyar. A kai ofishin karɓar wasiƙu na ma'aikatar, a ce a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Takardar da aka danƙa wa wani "na kusa da Kwamishina" a wurin ɗaurin aure ba ta shiga fayil ba, kuma ba ku da shaidar komai. Sauran kwafin a kai wa Kwamishinan 'Yan Sanda, shugaban ƙaramar hukuma da hakimi. Bayan mako biyu a koma da kwafin mai hatimi a tambayi teburin da ta kai. In shiru ya yi yawa, a rubuta tunatarwa a ambaci ranar ta farko, a sa ɗan majalisar jiha na mazaɓar a ciki.

Akwai abin da ba a sawa a takardar da za ta bi hannu da yawa: sunan wanda ake zargi infoma ne, ko mai kai wa 'yan bindiga mai da burodi, ko wurin da suke kwana. Takarda tana bi ta hannun masinja da magatakarda da mai hoton takardu, bango kuwa yana da kunne. Irin wannan bayani baki da baki ake ba da shi, ga DPO ko jami'in farin kaya na ƙaramar hukuma, ta bakin mutum ɗaya. Haka kuma kada a ɗora hoton takardar a WhatsApp ko Facebook da sunayen masu sa hannu. Kada kuma a jingina laifi ga ƙabila ɗungurungum. Wannan ya sha jawo ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

In koken a kan jami'an tsaron ne kansu, ƙofar ta danganta da kakin. Dakarun da jiha ta kafa, irin KADVS a Kaduna, da Community Watch Corps da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara na 2024, gwamnatin jiha ke ɗaukarsu tana biyansu, don haka a nan ma'aikatar tana da ta cewa sosai. Wanda suka kama, ga 'yan sanda ya kamata su miƙa shi, ba su yanke masa hukunci da kansu ba. A rubuta rana, wuri, lambar mota da sunan sansaninsu, in an ji wa mutum rauni a haɗa da takardar asibiti.

Ɗan sanda kuwa ma'aikatar ba ta da ikon hukunta shi. Ana kai ƙararsa ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko sashen karɓar koke na rundunar da ake kira CRU, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a ba ma'aikatar kwafi don ta sani. Beli a caji ofis kyauta ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a babban birnin jiharsa.