Darasi na 9: An mayar da mota, lissafi bai rufu ba

A ƙasashe da yawa baƙo yana iya karɓar mota haya ya tuƙa da kansa, na kwana biyu, ko mako, ko wata guda. Kamfanoni irin su Hertz, Avis, Europcar, Sixt da Enterprise suna da kanta a manyan filayen jirgin sama. Ka nuna fasfo da lasin, ka miƙa katin banki, ka sa hannu, a ba ka makulli. Darasinmu na yau kan abin da yakan biyo baya ne. Ka mayar da mota, ka hau jirgi, ka iso gida har ka huta gajiya, sai ga saƙon banki: kamfanin ya ciri kuɗi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wa ya ba su dama? Kai ne, ranar da ka sa hannu. A cikin takardar haya akwai layin da ke cewa ka amince a ciri kuɗi daga katinka ko bayan tafiyarka, idan wani abu ya taso game da motar. Lambar katin kuwa tana nan a ajiye wurinsu.

Riƙewa daban, cirewa daban

Kafin ka ta da hankalinka, duba asusunka da kyau. Ranar karɓar mota, kamfani yakan sa banki ya riƙe wasu kuɗi a matsayin jingina. Kuɗin ba su fita ba, amma ba ka da ikon taɓa su. In ka mayar da mota lafiya, a sake su. Wani bankin cikin 'yan kwanaki yake sakewa, wani sai an yi makonni. Ka kira bankinka ka tambaya: riƙewa aka yi ko cirewa? Amsar ita za ta nuna maka da wa za ka yi magana.

Ƙwarzane da lotsewa

A nan kuɗi masu nauyi suka fi fita. Mutane da yawa suna zaton tunda an ce motar na da inshora, shi ke nan. Ba haka ba ne. A takardar za ka ga haruffa uku, CDW, wato kariya daga kuɗin lalacewar mota. Wannan kariya tana rage abin da za ka biya in mota ta lalace, amma akwai wani kaso na farko da ke wuyanka. A ce kason naka Yuro 1,000 ne. In gyara ya ci Yuro 600, duka kai za ka biya. In ya ci Yuro 4,000, ka biya 1,000, sauran ba ruwanka. Sannan sau da yawa kariyar ba ta shafi taya, gilashi, rufin mota, ƙarƙashinta ko ɓatan makulli ba. Wuraren da suka fi saurin samun matsala ke nan.

A kan kuɗin gyara, kamfani yakan ɗora ladan aikin ofis, wani lokaci har da kuɗin kwanakin da motar ta yi a gareji ba ta aiki.

Wanda ya sayi ƙarin inshora a intanet daga wani kamfani daban, ya sani cewa masu motar ba ruwansu da ita. Za su ciri kuɗinsu daga katinsa tukuna, shi kuma ya bi masu inshorar da takardu su mayar masa. Tsarin yakan fi araha, amma yana son haƙuri da adana takarda. Ga wanda zai yi tuƙi a hannun da bai saba ba, ko cikin tsofaffin unguwanni masu ƙunci, ni dai ba na ganin ƙarin kariya asara ce.

To, yaya za ka nuna cewa ba kai ka yi ƙwarzanen ba? Da hoto. Kafin ka ta da mota, ka zagaya ta da wayarka: gaba, baya, gefe da gefe, bamba, kowace taya da ƙarfenta, gilashin gaba, kujeru, but da safaya. Ka ɗauki allon gaban direba yadda za a ga allurar mai da lambar kilomita. Duk tabon da ka gani, komai ƙanƙantarsa, ka sa ma'aikaci ya rubuta a takarda ya sa hannu. Kada ka yarda da "ba komai, ƙarami ne". Wanda ya faɗa maka haka ba lallai shi ne zai karɓi motar ranar dawowa ba. In wurin ajiye motocin da duhu, matsar da ita inda ke da haske.

Ranar mayarwa ka sake yin haka daga farko. Sannan ka tsaya har ma'aikaci ya duba a gabanka, ka ce masa: "Don Allah a ba ni takardar da ke nuna an karɓi mota lafiya." Yawancin masu kuka daga baya sauri ne ya ja musu. Jirgi na shirin tashi, suka jefa makulli a akwatin da aka tanada, suka wuce. A ƙa'idar kamfanoni da yawa, motar tana hannunka har lokacin da ma'aikaci ya duba ta, ko da washegari ne. In wani ya goge ta cikin dare, sunanka za a nema.

Mai da lokaci

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a ba ka tanki cike, ka mayar cike. Ka sha mai a gidan mai mafi kusa, ka ajiye rasit. In allura ta ɗan sauka, kamfani zai cika da nasa farashin, wanda ya fi na gidan mai, ya ƙara ladan aiki. Shi kuma lokaci, awa 24 ake lissafa kwana ɗaya daga sa'ar da ka karɓa. Akan ɗaga ƙafa na kamar rabin awa. Ka wuce haka, ana iya rubuta maka kwana guda.

Tarar da ke zuwa a makare

Wannan ita ce mai ba mutane mamaki, don takan zo bayan watanni. Hanyoyi da yawa yanzu ba su da shinge ko mai karɓar kuɗi, kyamara ce kawai ke ɗaukar lambar mota. A Dubai tsarin karɓar kuɗin hanya mai suna Salik yana aiki tun 2007. Kana wucewa ƙarƙashinsa an rubuta, kamfanin haya ya cira daga baya. A Landan ana biyan kuɗin shiga tsakiyar birni tun 2003. A mashigar Dartford da ke Ingila, an ba ka zuwa ƙarfe 12 na daren washegari ka biya. A hanyar M50 ta Dublin kuwa, ƙarfe 8 na daren washegari. Tun a kantar kamfanin haya ka tambaya: ku ke biya ku cira, ko ni zan biya da kaina?

Italiya tana yawan kama baƙi. A tsakiyar birane irin su Roma da Florence akwai unguwannin da aka hana motocin da ba su da izini shiga a wasu lokuta. Alamar ita ce farin da'ira mai jan baki, da haruffan ZTL. Kowace shiga tararta daban, don haka wanda ya ɓata hanya ya yi ta zagaye yana iya tara takardu da yawa a yini ɗaya. Dokar ƙasar ta ba hukuma har kwana 360 ta aika wa mazaunin wata ƙasa sanarwa.

Lura da wannan sosai: abin da kamfanin haya ya fara cira galibi ba shi ne tarar ba. Ladansa ne na miƙa wa hukuma sunanka da adireshinka. Tarar kanta tana tafe a wasiƙa daban.

Idan an riga an cira

Ka rubuta wa kamfanin ta imel, kada ka tsaya a kiran waya, don magana ba ta barin shaida. Ka sa lambar takardar haya, da ranar karɓa da ta mayarwa. Ka nemi bayanin kuɗin dalla-dalla. In lalacewa suka ce, su turo hoto mai kwanan wata da takardar kuɗin gyara. In tara ce, su turo kwafin sanarwar hukuma. Ka duba ko ranar da sa'ar sun faɗa cikin lokacin da motar ke hannunka. Ka haɗa da naka hotunan. Ba sai da zagi ba, takarda ta fi ɗaga murya aiki.

In sun yi shiru ko sun ƙi, ka je bankinka ka ce kana ƙalubalantar cirar. Katunan Visa da Mastercard suna da hanyar dawo da kuɗi, amma da wa'adi, galibi kwana 120. Banki zai nemi ganin cewa ka fara neman kamfanin, shi ya sa imel ɗin nan ke da amfani. In kuwa da gaske kai ka yi laifin, banki ba zai tsaya maka ba.

Aikin aji

1. Kason da ke wuyan mai haya Yuro 900 ne. Gyaran ƙofa ya ci Yuro 1,350, ladan ofis Yuro 50 a kai. Nawa za a cira daga katinsa?

2. An karɓi mota ranar Litinin ƙarfe 10 na safe, aka mayar ranar Alhamis ƙarfe 1 na rana. Kwana nawa kamfani zai iya lissafawa?

3. Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga kamfanin haya, kana neman hujjar kuɗin da aka cira maka. Karanta wa na kusa da kai, ya faɗa maka abin da ka manta.