Kurakuran da ke karya manyan jiragen rimot a Sakkwato, da yadda za a gyara su

Ƙaramin jirgin rimot yana yafe kuskure. Ya faɗi ka ɗauka, ka kakkaɓe, ka liƙa, ya koma sama. Babba ba ya yafewa. Abin da masu wannan harka ke kira babban jirgi shi ne wanda faɗin fukafukansa ya kai inci 80, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, ko inci 60 idan mai fiffike biyu ne sama da ƙasa, ko wanda ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na jirgin gaske. Nauyin irinsa kan kai kilo 7, kilo 10, har fiye, kuma kuɗin da ke jikinsa ba na wasa ba ne. Yawancin samarinmu a bidiyo suka koyi aikin, irin bidiyon taron Joe Nall da ake yi a Karolina ta Kudu a Amurka, inda ake tashi a kan ciyawa kore shar. Karatun da suka ɗauka daidai ne, sai dai ba a yi shi don zafin Afrilu da ƙurar hunturun Sakkwato ba, kuma a nan ne jirage da yawa ke karyewa tun ba su bar ƙasa ba.

Kuskuren farko shi ne gaggawa. Mutum bai taɓa sauke jirgi lafiya sau goma a jere ba, sai ya fara da mai mita biyu. Maganin wannan a bayyane yake: a fara da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, irin su RealFlight ko PicaSim, sannan ƙaramin jirgi mai fiffike a saman baya, sannan a haɗa rimot biyu da wani gwani, ta yadda zai karɓe tuƙin da zarar abu ya rikice.

Wanda ya fi wannan cin dukiya shi ne ɗaukar zanen ƙaramin jirgi a ninka shi biyu, a ce an samu babba. Lissafin ba haka yake tafiya ba. Idan ka ninka tsawo da faɗi da kauri sau biyu da kayan aiki iri ɗaya, shimfiɗar fiffiken za ta ƙaru sau huɗu, nauyin kuwa sau takwas. Ke nan kowane taƙi na fiffiken yana ɗauke da ninkin abin da yake ɗauka a da, kuma saurin da jirgin ke buƙata don ya tsaya a iska ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa za ka ga jirgi ya yi ta gudu a ƙasa ya ƙi tashi, ko ya tashi da ƙyar, ya karkata gefe ɗaya ya faɗo. Mai shi sai ya ɗora laifin a kan inji, ya sayo wanda ya fi girma, nauyi ya ƙara hawa. Gyaran yana wurin sikeli: kowane yanki a auna shi kafin a liƙa, a rubuta. Filawud mai kauri a bar shi a bangon da inji ke zama, da gindin tayoyi, da mahaɗar fukafukai; sauran wurare a fafe shi ramuka-ramuka. Ƙarfin fiffike a ƙashin bayansa yake, don haka a sa bututun kabon ko na alminiyum mai kyau, ko katako marar kulli wanda zarensa ya miƙe. Katakon balsa yana da wuyar samu a wajenmu, amma obeche na nan a wurin masu katako, kuma masu haɗa jirage a Turai sun daɗe suna lulluɓe fiffiken soso da shi. A fi tsananta wa wutsiya, domin giram ɗaya da ya ƙaru a can sai an biya shi da uku ko huɗu a hanci.

Sai maganar gam, kuma a nan nake so a tsaya a saurara. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana da sauri da araha, kuma a bidiyo da shi ake haɗa jiragen soso. To amma da zafi aka narka shi, da zafi kuma yake saki. A garin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa daga Maris zuwa Mayu, jirgin da aka bari a rana ko a cikin motar da aka rufe gilasanta yana iya kai wa zafin da gam ɗin zai yi laushi. Ba za ka gani da ido ba. Sai jirgi yana sama, an ja shi ya ɗago hanci, wutsiya ta goce. Duk inda nauyi ko jijjiga ke bi, a sa gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke jinkirin bushewa, domin shi ke samun lokacin shiga cikin katako. Farin soson da ake naɗo firji da talabijin a ciki kuwa, sufa gulu na cinye shi, fetur na cinye shi, fentin feshi na gwangwani ma haka. A gwada a kan guntu tukuna. Baƙin fenti da shuɗi mai duhu a saman fiffike suna jan rana har soso ya kumbura. A yi saman da launi mai haske, ƙasan da mai duhu ko ruwan lemo, don a rarrabe sama da ƙasa daga nesa. Farin jirgi zalla ɓacewa yake yi a hazon hunturu. A filin taro kuma a kafa rumfa, ko a yafa wa jirgin farin zane.

Cibiyar nauyi ita ce abin da aka fi rainawa, alhali ita ta fi kashe jirgi a tashin farko. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wurin da ya kamata ya daidaita yana tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffiken, in an auno daga bakinsa na gaba. Idan faɗin santimita 40 ne, alamar tana tsakanin 10 da 13. A yi alamar a ƙarƙashin fukafukan biyu, mutum biyu su ɗaga da yatsu, tanki babu mai, a ga hancin ya ɗan sunkuya. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana wahalar sauka, amma yana jin magana. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi ba ya ji: da ya bar ƙasa zai miƙe tsaye, ka danna ya nutsa, ka ja ya sake miƙewa, har ya faɗi. In ana son gyara, a fara matsar da batura gaba kafin a yi tunanin ƙara dalma, kuma dalmar a ɗaure ta da noti, kada a liƙa.

Sarbo, wato ƙaramin injin da ke motsa leɓɓan fiffike da na wutsiya, shi ma ana yi masa rowa. Mai haƙoran roba na ƙaramin jirgi ba zai riƙe leɓen babban jirgi ba; ana buƙatar mai haƙoran ƙarfe, wanda ƙarfinsa ya dace da girman leɓen kamar yadda zanen ya faɗa. Sandar da ta haɗa sarbo da leɓe kada ta yi lako-lako. Ka kama leɓen ka girgiza, in ya motsa sarbo bai motsa ba, to a sama iska za ta kaɗa shi da sauri har ya tsinke. Duk wanda ya ji wata ƙara kamar ta ƙudan zuma daga jirginsa yana gudu, ya rage wuta nan take ya sauko. Abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne wutar da manyan sarbo ke sha. In suka motsa gaba ɗaya, wuta na iya faɗuwa har risiba, wato abin da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, ta ɗauke na ɗan lokaci, mai jirgi ya ce “rimot ya yanke”, alhali yunwar wuta ce. A ba risiba da sarbo batirinsu daban mai ƙarfi, da wayoyi masu kauri. A jirgi mai tsada a sa biyu, kowanne da makunninsa.

Batirin LiPo kuwa, irin batir mai caji da ake sa wa jiragen nan, ƙa'idarsa ba ta canzawa: kowane ɗaki na cikinsa, wato sel, bolt 4.2 in ya cika, wajen 3.8 in za a ajiye, kuma kada a tatse shi har ya gangaro kusa da 3. Kuskurenmu a nan shi ne jona caji da dare don an kawo wuta, a je a kwanta. Kada a yi. A yi caji ana kallo, da cajar da ke daidaita ɗakunan, a kan siminti, nesa da katifa da labule. Batirin da ya kumbura ya gama aiki. A ajiye su a cikin tukunyar ƙasa mai yashi a gindi, a ɗaki mai sanyi, kuma kada a bar su a mota ko da na sallar Azahar ne.

Masu injin fetur, ko na kamfani irin DLE da Zenoah, ko wanda aka ciro daga injin yankan ciyawa aka gyara, nasu kurakuran daban ne. Ana haɗa fetur da baƙin man mota, alhali man inji mai bugu biyu ake buƙata, a ma'aunin da kamfanin ya faɗa, galibi tsakanin kashi 1 cikin 30 zuwa 1 cikin 50. Ana sayen mai a wurin 'yan bumburutu a zuba ba tacewa, ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta isa ta toshe kabureta a sama. A tace wajen zubawa, a kuma sa matata a kan tiyo. Tiyon siliko na injin nitiro, wanda ba fetur yake sha ba, kumbura yake yi a fetur. A nemi wanda aka yi don fetur. Ana kuma matse allurar mai ta kabureta har inji ya yi ƙara mai daɗin ji a ƙasa, ya hau sama ya yi zafi ya mutu. A bar shi da ɗan wadatar mai, kuma ƙofar da iska ke fita daga murfin inji ta ninka ta shiga sau biyu zuwa uku. Da hunturu a sa matatar iska a bakin kabureta, a toshe shi da tsumma in an ajiye. Jijjigar injin fetur tana kwance noti, don haka kowanne a ɗiga masa ruwan kulle noti, kuma lallai a sa abin kashe inji daga rimot.

Iska mai zafi ba ta da kauri. Tsakanin digiri 15 da ake lissafin jirage da shi da digiri 42 na la'asar ɗinmu, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Fiffike zai rage ɗauka, farfela ta rage ja, inji ya rage ƙarfi, duk a lokaci guda. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi a Janairu zai nemi fili mai tsawo a Afrilu. Lokacin tashi a Sakkwato daga bayan asuba ne zuwa hantsi, kafin guguwa ta fara yawo. A tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantarta: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. A taka filin da ƙafa tukuna, saboda kunyar gona da ramuka, da tsidau mai huda tayar iska.

Dubawar ƙarshe ba ta cin minti biyar, amma ita ake tsallakewa in mutane sun taru ana jira. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. A tsaya a bayan jirgi, a tura sandar rimot dama, a ga leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Motsi kawai bai isa ba, sai an ga inda ya nufa. A gwada nisan rimot a taku talatin da rage ƙarfin rimot ɗin, inji a kashe, sannan inji yana aiki. A saita tsarin ko-ta-kwana, yadda in sadarwa ta yanke inji zai mutu da kansa, a kuma gwada shi ta hanyar kashe rimot jirgi na ɗaure. Eriyar risiba kada ta kwanta a jikin kabon ko ƙarfe ko batir.

Abin da ya fi damuna duk bai kai maganar jama'a ba. Farfela mai inci 22 da ke juyi 7,000 a minti, bakinta na gudun sama da kilomita 700 a awa. Babbar riga, da hannun jallabiya, da jelar rawani, da igiyar rataya rimot, duk abincinta ne. A tayar da inji wani na riƙe da wutsiya, a yi duk gyara daga baya, kada kowa ya tsaya a gefen farfela. Yaranmu kuma da sun ji ƙara za su fito daga ko'ina, kuma wurin da jirgi zai sauka suke nufa a guje. A ja igiya, a sa manya biyu su tsare ta, kada jirgi ya taɓa bi ta kan mutane ko garken dabbobi. Kowane matuƙi ya samu mai duba masa a gefe, kuma a ɗaga murya: “Zan tashi!”, “Zan sauka!”, “Injina ya mutu!” Wanda injinsa ya mutu shi ke da fili, kowa ya kauce.

A 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi a sararin samaniyar Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka a nemi ƙa'idar da ke aiki yanzu daga wurinsu kafin a kira taro. A yi nesa da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da barikin Giginya, da fadar Sarkin Musulmi, da gidan gwamnati, kuma kada a wuce ƙafa 400 a sama. Da halin tsaron da gabashin jihar nan ke ciki, duk abin da ke shawagi yana tayar da hankalin mutane, kuma suna da gaskiya. A je wurin mai unguwa ko hakimi, a ce “Ranka ya daɗe, ga abin da muke yi, ga rana, ga wuri,” a nuna masa jirgin ya taɓa da hannunsa, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. In akwai kyamara a jiki, a cire ta matuƙar akwai gidaje kusa, domin tsakar gidan mutane ba wurin leƙe ba ne.