Yadda ake lallaɓa makullin babur idan ya cije

Babur ɗin da yake bin hanyoyin burji tsakanin ƙauyukan Kano da Jigawa, ko Boxer ne ko Jincheng ko Haojue, yana shan ƙura fiye da na birni, kuma ramin da ake zura makulli yana cikin wuraren da take fara yi wa illa. A cikin ramin akwai 'yan siraran haƙora na tagulla, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, waɗanda sai yankan makullin ya jera su daidai kafin ya juya. Ƙurar hunturu tana cika tsakaninsu, ruwan damina kuma yana sa sifirin ya yi tsatsa, har wata Juma'a mutum ya gama cin kasuwar Wudil, ya ɗaure kayansa, ya zura makulli ya ji ya cije.

Idan haka ta faru, kada ka nemi filaya. Makullin babur ƙarfe ne mai laushi, kuma da zarar an murɗa shi da ƙarfi, ko dai ya lanƙwashe ko ya karye a ciki, sai ƙaramin aiki ya koma babba.

Fara da duba kan babur ɗin, domin sau da yawa laifin ba na makulli ba ne. Idan ka kulle kan lokacin da ka ajiye shi, kuma tayar gaba ta tokari dutse ko ta nutse a yashi, nauyin yana danne sakatar da take riƙe wuyan, ta yadda ba za ta iya janyewa ba. Ɗora babur ɗin a kan jak ɗinsa na tsakiya, ka kama kan da hannu ɗaya kana ɗan girgiza shi hagu da dama, ɗaya hannun kuma yana juya makullin a hankali. A wasu baburan sai an ɗan danna makullin ciki kafin ya bar wurin kulle wuya.

Idan bai saki ba, zaro makullin ka dube shi da kyau. Wanda ya lanƙwashe ana miƙe shi a kan katako da ɗan bugu kaɗan. Wanda haƙoransa suka cinye kuwa ba shi da gyara, sai a gwada na biyun da aka bar shi a gida. Duk mai son yanka sabo ya kai wa mai yankan wanda bai sha aiki ba, domin idan aka kwaikwayi cinyayye, cinyayye za a samu.

Aikin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne wankin ramin. Fara hura masa iska da famfon taya don busasshiyar ƙura ta fita. Daga nan ka fesa WD-40 kaɗan, wato man feshi na gwangwani mai sassauta tsatsa, idan babu kuma ka ɗiga kananzir da sirinji, ɗigo uku ko huɗu sun isa. Bar shi kamar minti 15 ya ratsa, sannan ka riƙa zura makullin kana zarowa, kana goge baƙin dattin da yake fitowa a jikinsa da tsumma, har ya fara fitowa da tsabta. Sai a lokacin za ka gwada juyawa, gaba kaɗan, baya kaɗan. Bayan ramin ya bushe sarai, ko da washegari ne, ka goga bakin fensir a jikin makullin ka zura shi sau da yawa, domin garin fensir yana sa santsi ba tare da ya kama ƙura ba, amma idan ya haɗu da danshin mai sai ya cuɗe ya toshe ramin. Mutane da yawa suna ɗura baƙin mai ko man gyaɗa, kuma lallai makullin yakan juya a ranar, sai dai kafin hunturu ya wuce man ya haɗu da ƙura ya zama taɓo. Zafafa wurin da wuta kuwa ganganci ne, tun da tankin fetur yana daf da shi.

Idan makullin ya riga ya karye a ciki, kada ka tura guntun da ragowar da ke hannunka, kuma kada ka gwada liƙa su da gam, domin gam ɗin zai haɗa har da haƙoran. Idan bakin guntun ya leƙo, matsefata tana iya cafko shi. In ya nutse, aikin bakanike ne.

Wani lokaci haƙoran cikin ne da kansu suka cinye, musamman ga wanda yake rataya makullan gida da na shago duka a jikin na babur, suna lilo a kan gargada. A nan sai canji, kuma gara a sayi saitin gaba ɗaya har da murfin tanki, don makulli ɗaya ya buɗe su. Haɗa waya don babur ya tashi ba makulli aiki ne da ya kamata a bar wa bakanike, kuma a riƙe rasit da takardun babur a hannu, domin 'yan sintiri da mutanen gari ba sa yi wa mai taɓa wayar babur a bakin kasuwa kyakkyawan zato. Bayan an ɗaura sabon, a riƙa rufe ramin da 'yar leda ko guntun roba duk lokacin da za a wanke babur ɗin ko zai kwana a waje da damina.