Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa kan majalisar birnin Birmingham

Wallahi na gaji. Duk shekara sai an kawo min furojet kan majalisar birnin Birmingham ta Ingila zamanin Joseph Chamberlain, wanda ya yi magajin gari daga 1873 zuwa 1876, kuma kurakuran dai su ne su ne.

Babbansu, mutum ya ga bashi ya yi sama kawai ya ce majalisa ta ci amana. Ni ma shi ya kayar da ni, babi guda aka dawo min da shi cike da jan biro, wata huɗu ina sake rubutu abokan karatuna suka gama suka bar ni, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ga bashin ya tashi daga wajen fam dubu 500 zuwa miliyan biyu da rabi sai na hau rubuta almubazzaranci, ban ko tsaya na duba me aka saya da kuɗin ba. Ashe kamfanonin gas biyu suka saye a 1875, ribar gas ɗin ke biyan kuɗin ruwan bashin har a samu rara. Ruwan famfo da suka karɓe a 1876 kuwa daman ba don riba ba ne, mutane ne ke shan gurɓatattun rijiyoyi suna mutuwa. Ni yanzu layi nake ja a tsakiyar takarda, bashi a hagu, kadarar da ya haifa a dama, kafin nan ba na yanke hukunci.

Sai titin Corporation Street, wanda majalisar ta fitar inda aka rushe unguwannin talakawa. Ku daina rubuta wai an rushe unguwannin talakawa an gina musu gidaje, a ina kuka gani? Shaguna da ofisoshi aka gina, majalisa ta riƙe filin ta ba da haya na shekara 75 don ya dawo hannunta da gine-ginen. Waɗanda aka tasa suka cunkushe a wasu lungunan, gidajen majalisa na farko sai wajen 1890. Tausaya musu mana a rubutunku.

Harajinsu na gida da fili ne, ba na kai ba.

Neville Chamberlain, firaministan Birtaniya na zamanin Hitler, ɗan Joseph ne, kar a haɗa su.

Lissafi kuma kar a saka shi a kalkuleta kai tsaye, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, irin kuɗin da kakanninmu suka kashe kafin naira ta zo a 1973, in ya rikice maka je ka tambayi tsohuwar gidanku.